Muhawara: Ta yaya ake gane littafin aikin kimiyya da jarrabawarsa suna auna fahimta?

Malama Mai Alli:
Assalamu alaikum, malamaina. Ina son a baje mana wata magana a faifai. A ce malaman kimiyya na ƙaramar sakandare sun haɗu za su rubuta ɗan littafin aiki na mako huɗu a kan yadda abubuwa ke sauyawa, wato narkewa, daskarewa, ƙafewa, sai asid da kishiyarsa, tare da jarrabawar da za ta biyo baya. Daga ina ake kamawa? Manhajar NERDC, hukumar tsara manhajar karatu ta ƙasa, ta ba da kanun darussa da abin da ake son yaro ya iya, amma ba ta rubuta wa malami takardar aiki ba, ba ta kuma shirya masa tambayoyi ba. In an gama kuma, ta yaya za a gane littafin ya yi aiki, ba yabon kai kawai ake yi ba?

Baba Sufeto:
Wa alaikumus salam, 'yata. Daga ƙarshe ake kamawa. Kafin a rubuta ko layi ɗaya na darasi, a zauna a fitar da jimloli biyar ko shida na abin da yaro zai yi da hannunsa ko ya faɗa da bakinsa a ƙarshen mako na huɗu. Kada a rubuta "zai san narkewa", domin sani ba a ganinsa da ido. A rubuta "zai faɗi abin da sikeli zai nuna in an zuba sukari giram 20 a ruwa giram 100, ya kuma kawo dalili". Wannan ana iya dubawa. Daga jimlolin nan ake fitar da tambayoyi, daga tambayoyin ake komowa a zaɓi gwaje-gwajen aji. Wanda ya fara da rubuta darasi, in ya zo jarrabawa sai ya tambayi abin da ya fi sauƙin tambaya, ma'anar kalmomi ke nan.

Kuma ba yau aka fara wannan aiki a ƙasar nan ba. Ƙungiyar malaman kimiyya, STAN, tun 1957 take, ita ce ta fito da littattafan haɗaɗɗiyar kimiyya a farkon shekarun 1970. A wannan zamanin ne kuma Cibiyar Ilimi ta Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, ta gudanar da shirin gyara ilimin firamare na jihohin Arewa da tallafin UNICEF da UNESCO. Duk a kan abu ɗaya aka gina su, yaro ya taɓa da hannunsa. Abin da ke karya irin waɗannan shirye-shirye shi ne littafi ya ce a yi gwaji, jarrabawa ta ce a kawo hadda. Malami kuwa jarrabawa yake bi.

Dakta Ma'auni:
Allah ya ƙara wa Baba lafiya, haka yake. Abin da ke biye shi ne jadawalin rabon tambayoyi. A ja layuka a takarda. A gefe a jera batutuwa, a sama a sa matakan tunani. Masanin ilimi Benjamin Bloom da abokan aikinsa sun kasa matakan shida a 1956, amma ga ƙaramar sakandare uku sun isa: tunawa, bayyana dalili, da aiki da ilimin a kan abin da ba a taɓa kawowa a aji ba. Rabon kuma gwargwadon lokacin da aka ba kowane batu. In darussa 12 ne, biyar na narkewa, uku na daskarewa da ƙafewa, huɗu na asid, jarrabawa mai tambaya 24 za ta zama 10, 6, 8. Kada tambayoyin tunawa su wuce kashi ɗaya cikin uku. Sannan a rubuta ninkin abin da ake bukata, wajen 48, don in an gwada su a kan yara da yawa za su faɗi.

Malamin Fizis:
Kafin Dakta ya kai mu ga lissafi, akwai ƙashin da ke maƙale a wuya: harshe. Yaro da Hausa yake tunani, a yi masa tambaya da Turanci, malami kuma ya yi bayani da gauraye. To Hausarmu ta yau da kullum tana haɗe abubuwan da kimiyya ta raba. Ƙanƙara ta narke, sukari ya narke a shayi, kalma ɗaya, alhali ɗaya zafi ne ya mai da daskararre ruwa-ruwa, ɗaya kuwa ƙwayoyin abu ne suka watsu cikin ruwa. "Zafi" yana nufin abin da ma'aunin zafi ke nunawa, yana kuma nufin makamashin da ke ratsawa daga garwashi zuwa tukunya. "Nauyi" ya haɗa yawan abin da ke jikin abu da janyowar da ƙasa ke yi masa. "Ƙarfi" kuwa kada ma a fara, aiki huɗu yake yi shi kaɗai. Saboda haka yaro zai iya rubuta amsar Turanci daidai, a zuciyarsa kuma abubuwa biyun ɗaya ne. Wani kuma ya gane sarai, kalmar Turanci guda ta kayar da shi. Duk biyun makin da aka ba su ƙarya ya faɗa.

Malama Mai Alli:
To Malam, a ƙirƙiro sababbin kalmomi ke nan?

Malamin Fizis:
A'a, Malama. Kalmar da malamai biyar suka ƙirƙira a ɗakin malamai, a nan take mutuwa. A riƙe kalmar gida a liƙa mata bayani: "narkewa da zafi", "narkewa cikin ruwa", a ajiye ta Turanci a gefenta tun ranar farko, tunda da ita za a rubuta BECE, jarrabawar kammala ƙaramar sakandare. Shafin farko na littafin ya zama jerin irin waɗannan kalmomi masu baki biyu, kowace da misali ɗaya daga kicin: man shanu a rana, gishiri a miya.

Ɗan Maraɗi:
Mu a Nijar da Faransanci ake fama, amma ciwon ɗaya ne. Tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji mai koyarwa da Hausa a Zinder, kamar yadda a wajenku Farfesa Babs Fafunwa ya fara shirin shekara shida na koyarwa da Yarbanci a Ife a 1970. Ga mai bincike akwai dabara mai arha: a buga jarrabawa ɗaya iri biyu, ɗaya da harshen makaranta zalla, ɗaya da Hausa a ƙarƙashin kowace tambaya. A cakuɗa takardun a raba a aji ɗaya ba tare da zaɓe ba. Tambayar da aka ga tazara mai yawa tsakanin kashi biyun, harshe take aunawa. Sai dai a kula da fassarar: mutum ɗaya ya mayar Hausa, wani da bai ga asalin ba ya mayar da ita harshen farko, a kwatanta. Sau da yawa fassara kan ba da amsa ba a sani ba.

Mai Ɗakin Gwaji:
Bari in sauko da ku kan tebur. Ga gwajin narkewa cikin ruwa, wanda yake ƙashin bayan makon farko.

Kayan kowane rukuni: gorar ruwa ta roba da aka yanke rabi, sirinji sabo mai mililita 20 ba allura, cokali, murfin kwalba. Sikelin kicin mai batir wanda ke nuna giram ɗai-ɗai, guda biyu sun ishi aji. A ɗora gorar da ruwa mililita 100, a ɗora sukari giram 20 cikin takarda a gefenta, duk a kan sikelin, a rubuta jimla. Kafin a zuba, kowane yaro ya rubuta a littafinsa: zai ragu, zai ƙaru, ko yana nan. Sai a zuba, a juya, a mayar da takardar kan sikelin, a sake karantawa. Da yawa za su ce ya ragu, tunda sukarin ya ɓace wa ido.

Inda ake ɓata shi: a manta da mayar da takardar, ko a fitar da cokalin da danshi, sai giram ɗaya ko biyu su tafi, yaron da ya ce zai ragu ya ce ai ga shi nan. An ƙarfafa kuskuren da aka zo gyarawa ke nan. Shi ya sa ba a yin sa da sukari giram 2, ɓatan ya fi abin da ake nema. In batirin sikeli ya yi sanyi ko fanka na kaɗawa, lambar ba ta tsayawa.

Wajen dawo da abin da ya narke, da gishiri ake yi. Sukari in ya sha wuta ƙonewa yake ya yi baƙi. Ruwa mililita 100 yana ɗaukar gishiri kamar giram 36 kafin ya ƙoshi. A ɗiga cokali ɗaya na wannan ruwan a baƙar leda ko farantin ƙarfe a ajiye a rana. Da rani kafin a tashi an ga farin gishiri. Da damina sai an kwana, don haka littafin ya faɗa wa malami ya fara shi a darasin da ya gabata.

Malama Mai Alli:
Madalla. Na asid fa, tunda takardar litmos, wadda ke sauya launi a cikin asid ko kishiyarsa, ba ko'ina ake samu ba?

Mai Ɗakin Gwaji:
Zoɓo. Busasshe kamar giram 10 a ruwan zafi mililita 200, minti goma, a tace. Amma ga abin da yawancin takardun aiki ba sa faɗa: zoɓo shi kansa tsami gare shi. In aka yi amfani da shi da kauri, ruwan lemon tsami ba zai nuna wani sauyi ba, kanwa kuma sai an zuba da yawa kafin ya juya. A sirka shi har ya zama ja mai haske da ake hango rubutu ta cikinsa. A nan tsamiya da lemon tsami za su ƙara masa ja, ruwan kanwa da ruwan toka su yi masa duhu su kai shi kore. A yi a fararen murafen gora, kowane ɗigo goma, a bar murfi ɗaya ba a sa komai don kwatance.

Abu uku ke kawo matsala. Ruwan wasu rijiyoyi da burtsatse yana sauya launin tun kafin a sa komai, sai a gwada shi tukuna. Jiƙon yana lalacewa cikin kwana biyu a zafinmu, gara a tsoma farar takarda a ciki a shanya a inuwa a yayyanka. Na uku ruwan bilic, mai sa tufafi su yi fari: kashe launin yake gaba ɗaya, yara su rikice, kuma in ya haɗu da asid yana fitar da iskar kulorin mai guba. Kada ya shiga aji. Haka ruwan batirin mota da sodar masu sabulu. Kuma a rubuta da manyan baƙaƙe cewa ba a ɗanɗanawa, don yaro in ya ga zoɓo da tsamiya bakinsa ne zai fara aiki.

Malamin Fizis:
Ni dai ina da ja a nan. Yaron da ya tashi da murfin gora da zoɓo, in ya kai aji shida WAEC biret da fifet, wato bututan gilashi na auna ruwa, za ta ajiye masa. Kada kayan gida su zama uzurin ƙin sayen na gaske.

Mai Ɗakin Gwaji:
Gaskiyarka a rabi, Malam. Biret tana karanta 0.1 na mililita, sirinjin mililita 10 kuwa 0.2 ko 0.5, kanwa kuma kowane dunƙule da ƙarfinsa, ba a lissafi da ita. Saboda haka kayan gida na gane ma'ana ne, awon ƙwaƙƙwafi sai kayan ɗakin gwaji. Amma ƙananan kaya ba ƙauyanci ba ne. Cibiyar RADMASTE ta Jami'ar Wits a Afirka ta Kudu ta haɗa ƙananan akwatunan kemistiri da ake aiki da ɗigo-ɗigo, UNESCO ta kai su ƙasashe da dama. Sinadari kaɗan, haɗari kaɗan, kowane yaro ya taɓa. Ya fi biret ɗaya a kulle a kabad.

Dakta Ma'auni:
Mu koma kan tambayoyin, don a nan aikin ya fi cin rai. Amsoshin ƙarya da ake jerawa tare da ta gaskiya ba a ƙirƙirar su a ka. Daga bakin yara ake ɗebo su. A fara yi wa yara 30 ko 40 tambayar a buɗe: "Ina sukarin ya tafi?" A tattara amsoshin, a ware uku da suka fi yawa cikin na kuskure, su ne za su zama zaɓi. Tambayar da malami ya cika da amsoshin banza, mai zaɓi huɗu ce a takarda, mai zaɓi biyu ce a gaskiya.

Sannan a yi ta hawa biyu, irin salon da masanin koyar da kimiyya David Treagust ya yaɗa a ƙarshen shekarun 1980. Misali:

Hawa na farko. An zuba sukari giram 20 a ruwa giram 100, an juya har ya daina ganuwa. Sikeli zai nuna: A, 100. B, tsakanin 100 da 120. C, 120. D, sama da 120.

Hawa na biyu. Dalili: A, sukarin ya zama ruwa, ruwa kuwa ya fi shi sauƙi. B, sukarin ya ɓace, zaƙinsa kawai ya rage. C, ƙwayoyin sukarin sun watsu cikin ruwan, babu abin da ya fita. D, juyawa tana ƙara nauyi.

Maki sai an ci duka biyun. Mai canki-canka yana da damar ɗaya cikin huɗu a tambaya ta yau da kullum, a nan kuwa ɗaya cikin goma sha shida. Abin da ya fi makin amfani shi ne sanin nawa ne suka zaɓi C a sama suka zaɓi A a ƙasa. Waɗannan sun tuna abin da sikeli ya nuna a aji amma tunaninsu bai motsa ba.

Kafin a buga, a zauna da yara shida zuwa takwas ɗaya bayan ɗaya, masu ƙoƙari da masu rauni, maza da mata. Yaro ya karanta tambayar da murya, ya faɗa da Hausa abin da yake ganin ana tambayarsa. Malami ya kame bakinsa, kada ya gyara. Nan ake kama kalmar da ta yi tsauri da zanen da yaro ke gani a juye.

Hajiya Firinsifal:
Dakta, Allah ya gafarta maka, wannan duk mai kyau ne, amma aji mai yara 90 da minti 40 fa? Malamin da ke da azuzuwa biyar yaushe zai yi wannan lissafin?

Dakta Ma'auni:
Ranki ya daɗe, lissafin bai kai yadda ake tsoronsa ba, kuma sau ɗaya ake yi, masu rubuta littafin ne da shi. A ce takardu 60 ne. A jera su daga babban maki zuwa ƙarami, a ɗebi kashi 27 cikin ɗari na sama da na ƙasa, wato 16 da 16. Kowace tambaya a ƙirga. In 13 na sama suka ci, 5 na ƙasa suka ci, 13 a cire 5 a raba da 16, ya ba da 0.5. Tambaya mai kyau ke nan, tana rarrabewa. Daga 0.3 zuwa sama a riƙe. Ƙasa da 0.2 a gyara ko a yar. In na ƙasa suka fi na sama ci, a fara duba takardar amsa, sau da yawa ita ce ke da kuskure, ko kuma tambayar tana da amsa biyu da mai zurfin tunani ya hango. Wadda kusan kowa ya ci ko kusan kowa ya faɗi ba za ta rarrabe ba, ko da yake ana barin biyu masu sauƙi a farko don hankalin yaro ya kwanta. Zaɓin da babu wanda ya taɓa shi, a canza shi.

Hajiya Firinsifal:
To na yarda da wannan. Na cikin aji kuma ga abin da ke yiwuwa. Kowane yaro ya yanki kwali huɗu ya rubuta A, B, C, D. A tsakiyar darasi malami ya rubuta tambaya ɗaya a allo, a ƙirga uku kowa ya ɗaga lokaci guda, don kada a kwaikwayi na gaba. In fiye da kashi ɗaya cikin uku sun kauce, ba a wucewa, su tattauna bibbiyu a sake ɗagawa. Littafin ya zo da irin wannan tambaya ɗaya a kowane darasi, da abin da malami zai yi in aka zaɓi kowace amsa. Na hannu kuwa a yi tebura huɗu, minti biyar-biyar: auna mililita 15 da sirinji, karanta sikeli, tace ruwan yashi, gwada ruwa biyu da zoɓo. Malami na riƙe da takarda mai "ya yi" ko "bai yi ba", abu uku a kowane tebur. Yara 15 a mako, kafin zango ya ƙare an zagaya, makin ya shiga na gwajin cikin zango maimakon kwafar rubutu.

Baba Sufeto:
Saura tambayar 'yata ta biyu, wadda ba a amsa ba. Kundayen bincike da yawa iri ɗaya ne: mai binciken ya koyar da aji ɗaya da sabon littafi, da zumuɗinsa da kayansa, ya bar ɗaya ajin da malamin da ya gaji, ya yi jarrabawar da shi ya rubuta daga littafin nasa, sannan ya ce sabuwar hanya ta yi nasara. Ina za ta faɗi? Ko shirin SMASE na horar da malaman lissafi da kimiyya, da ya fara a Kenya a 1998 da tallafin Japan ya shigo Najeriya a 2006 ta jihohin Kaduna, Neja da Filato, ai abin da ya fi nanatawa shi ne malami ya shirya, ya koyar, a duba, a gyara, a sake.

Dakta Ma'auni:
Baba ya taɓo inda ke ciwo. Gyaran shi ne malaman da za su riƙe littafin gobe su ne za su koyar da shi a gwaji, ba marubutansa ba. A sami azuzuwa da dama a makarantu daban-daban, a jefa ƙuri'a wajen zaɓen waɗanda za su karɓa, domin aji biyu kacal bambancin malami ko na lokacin darasi ya isa ya ba da sakamakon. A yi jarrabawa kafin a fara, a yi bayan an gama, a sake bayan mako shida ba sanarwa. Cikinta a sa tambayoyin da misalansu ba sa cikin littafin: in an koyar da sukari, a tambayi kanwa a ruwa.

Wajen kwatanta ci gaba, a raba abin da aka ƙaru da shi da abin da ya rage a samu. Ajin da ya tashi daga kashi 30 zuwa 58 ya ƙaru da 28 cikin 70 da suka rage masa, wato 0.4. Da wannan awon Richard Hake ya kwatanta ɗaliban fizis sama da 6,000 a Amurka a 1998: azuzuwan lacca zalla sun tsaya wajen 0.23, masu sa ɗalibi aiki da muhawara wajen 0.48.

Kuma don Allah a daina ɗaukar lambar KR-20 ko alfa ta Cronbach, da masu bincike ke lissafowa daga makin jarrabawa, a matsayin shaidar inganci. Tana nuna tambayoyin suna tafiya tare ne kawai, kuma in ka ƙara yawansu tana hawa. Tambayoyin hadda 50 za su iya ba ka 0.8 ba su auna fahimta ko ɗaya ba. Sa hannun malaman jami'a uku a bayan takarda shi ma bai maye zama da yaran nan takwas ba.

Malama Mai Alli:
Allah ya saka da alheri. Abu ɗaya ya rage mini: in wani ya shiga ajin gwajin don dubawa, me zai rubuta?

Mai Ɗakin Gwaji:
Agogo zai riƙe, Malama. Minti nawa rabon kaya ya ci, a wane layin takardar aiki hannuwa suka fara tashi ana "Malam, me za mu yi?", yara nawa a rukuni suka taɓa kayan, da matakin da malamin ya tsallake. In malamai uku suka tsallake mataki ɗaya, laifin littafin ne, a sake rubuta wurin. Rukuni kada ya wuce yara shida, kowa da aikinsa a rubuce, in ba haka ba manyan maza biyu za su riƙe sirinjin har a tashi. Gwajin da ya wuce minti 20 a aji mai minti 40, a raba shi darasi biyu, domin kiran suna da wanke murafe ma suna da nasu rabon.